Ƙwayoyin Tushe a Shimfiɗar Mahaifa da Yadda Take Sabunta Kanta

1.0 Gabatarwa

A unguwar Bromakote da ke gundumar Adjame, cikin birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, akwai Hausawa da yawa waɗanda fatauci ya kawo su, ko ya kawo iyayensu, daga Nijar da Arewacin Nijeriya. Haka nan akwai su a Treichville, can tsallaken ruwa ta kudancin birnin. Daga cikin al'adun da Bahaushe kan tafi da su duk inda ya yada zango akwai al'adar jego. Idan mace ta haihu, akan ware mata kwana arba'in ta huta daga aikin wahala, ta yi wanka, ta sha kunu, ta kuma ƙaurace wa ɗakin mijinta. In aka tambayi tsofaffin mata dalili, amsar da sukan bayar ita ce, jikin mai jego ɗanye ne, sai an bar shi ya warke.

Maganar tasu tana kan hanya. A lokacin da mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, takan bar rauni mai faɗin tafin hannu. Raunin da ya kai haka a cinya ko a gadon baya ba ya warkewa sai da tabo, amma na cikin mahaifa yakan warke sarai cikin mako shida, har wani cikin ya sake zama a wurin. Ko ba a haihu ba ma, kowane wata mafi yawan naman da ya lulluɓe cikin mahaifa yakan zube ya sake tsirowa. Wannan takarda za ta yi bayanin ƙwayoyin da ke wannan aiki, da inda suke zaune, da yadda masana suka gano su, da kuma abin da ke samun mace idan suka lalace. Da yake an tsara ta ne don ɗaliban harshe, za a fara da kalmomin da za a yi amfani da su.

2.0 Kalmomin da Aka Zaɓa

Kalmar mahaifa sunan wuri ce da aka gina daga aikatau haifa, kamar yadda aka gina makaranta daga karanta, da majema daga jeme. Tana ɗauke da ma'ana uku. Ta farko, garin da aka haifi mutum. Ta biyu, gurbin da ɗa ke kwanciya a cikin uwarsa. Ta uku, abin nan da ke biyo jariri bayan an haife shi, wanda ake kuma kira mabiyiya ko uwar tafiya. Don kauce wa ruɗani, a nan mahaifa na nufin gurbin, abin da ke biyo jariri kuwa za a kira shi mabiyiya.

Naman da ya lulluɓe cikin mahaifa za a kira shi shimfiɗar mahaifa, saboda a kansa ɗan tayi ke kwanciya, kuma ana ɗauke shi a sake wani. Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai da aka gina jiki da shi, wadda ba a iya gani sai da madubin likita. Ƙwayar tushe kuwa ita ce wadda sauran ke fitowa daga gare ta, kamar yadda rassa ke fitowa daga tushen itace.

Akwai kuma bambancin karin harshe da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. A Hausar Nijar, wadda ake ji a unguwannin Hausawan Abijan, kalmar likita kan ɗauki ma'anar gidan magani, mai duba marasa lafiya kuwa a ce masa lokotoro. A wannan takarda an bi daidaitacciyar Hausa, inda likita ke nufin mutumin, asibiti ke nufin wurin.

3.0 Ginin Mahaifa

Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta wuce tsawon santimita 7 zuwa 8 ba, kuma siffarta kamar ta ƙaramar piya ce da aka kife. Bangonta hawa uku ne: siririn tantani daga waje, tsoka mai kauri a tsakiya wadda ke matsawa lokacin naƙuda, sai shimfiɗa daga ciki.

Ita kanta shimfiɗar hawa biyu ce. Hawan sama ya ɗauki kamar kashi biyu cikin uku na kaurinta, kuma shi ne ke zubewa lokacin haila. Hawan ƙasa yana manne da tsoka, kuma yana nan daram ko ana haila ko ba a yi. Idan aka duba shimfiɗar da madubin likita za a ga manyan abubuwa uku. Akwai ƙwayoyin rufi, waɗanda suka jeru a samanta kamar daɓe, suka kuma nutsa ƙasa suka yi 'yan rijiyoyi masu fitar da ruwan da ɗan tayi ke rayuwa da shi a makonnin farko. Akwai ƙwayoyin tsakani, waɗanda suka cike tsakanin rijiyoyin suka riƙe su. Sai kuma ƙananan hanyoyin jini masu murɗewa, waɗanda ke tasowa daga tsoka zuwa hawan sama. Duk waɗannan ukun sai an sake gina su bayan kowace haila.

4.0 Zagayen Wata

Abin da ke ba shimfiɗa umarni shi ne homon, wato sinadaran da jiki ke aikawa ta cikin jini su isar da saƙo daga wani sashe zuwa wani. Biyu daga cikinsu gidan ƙwan mace ne ke fitar da su: istirojin da furojestaron.

A ɗauki macen da zagayenta kwana 28 ne. Bayan ta gama haila, shimfiɗar ba ta wuce kaurin milimita 1 zuwa 2 ba. Daga nan istirojin zai sa ƙwayoyi su yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har shimfiɗar ta ƙara kaurin milimita 4 zuwa 10 cikin kimanin kwana goma. Wajen kwana na 14 ƙwai zai fito, sai furojestaron ya karɓi aiki. Shi ne ke tsayar da girman, ya sa rijiyoyi su cika da ruwa, ya tausasa wurin don karɓar ɗan tayi. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar mako biyu furojestaron zai ragu, hanyoyin jinin nan masu murɗewa su tsuke, hawan sama ya farfashe ya fito tare da jini. Wannan ita ce haila, wadda ake sakayawa a ce al'ada ko fashin salla.

Abin lura shi ne, gyara ba ya jiran jini ya tsaya. Yayin da wani ɓangare ke zubewa, wani ya riga ya fara rufewa, domin ƙwayoyin rufi na fitowa daga bakin guntayen rijiyoyin da suka rage suna bazuwa a kan raunin. Zuwa kwana na biyar ko na shida an rufe shi duka.

Yawan wannan zubewa da tsirowa ya danganta da irin rayuwar mace. Wadda ta haifi 'ya'ya ɗaya ko biyu takan yi haila kimanin sau 400 kafin ta daina. Wata masaniya 'yar Amurka mai suna Beverly Strassmann, wadda ta zauna cikin Dogon na ƙasar Mali a shekarun 1980, ta lissafa cewa matan can ba sa wuce kimanin sau 100, saboda yawancin shekarunsu suna tafiya ne a goyon ciki da shayarwa. Ko ɗari ne ko ɗari huɗu, babu wani sashe na jikin mutum da ke zubar da nama mai yawan haka ya mayar da shi ba tare da tabo ba. Ko a cikin dabbobi ma kaɗan ne ke haila: manyan birai, da wasu jemagu, da wasu 'yan ƙananan dabbobi irin su ɓera mai ƙaya.

5.0 Mece ce Ƙwayar Tushe?

Mafi yawan ƙwayoyin jiki suna da sana'a guda, kuma suna da wa'adi. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 ta mutu, ƙwayar rufin hanji kuwa ba ta cika mako guda. Ke nan dole a sami wasu da ke mayar da gurbin waɗanda suka mutu. Su ne ƙwayoyin tushe, kuma ana gane su da halaye biyu. Na farko, idan ƙwayar tushe ta rabu, takan iya haifar irinta, don haka ba ta ƙarewa. Na biyu, takan iya haifar 'ya'yan da za su yi ta ninkuwa su zama ƙwayoyi masu sana'a iri-iri.

Misalin da ya fi kusa da wannan shi ne na iri. Manomi yakan ci geron da ya noma, ya sayar da wani, amma yakan keɓe 'yan zangarniya a rumbu waɗanda ba a taɓawa ko ana yunwa. Daga cikinsu gonar baɗi za ta fito, har da irin da za a sake ajiyewa. Iri kaɗan ne idan aka gwada shi da amfanin gona, kuma mafi yawan shekara yana kwance ba ya komai. Haka ƙwayoyin tushe suke: ba su da yawa, ba su cika rabuwa ba sai buƙata ta taso.

Waɗanda suka fara tabbatar da samuwarsu su ne James Till da Ernest McCulloch a birnin Toronto na Kanada, a shekarar 1961, da gwajin da suka yi a kan ɓargon ɓeraye. Ya kamata a bambanta irin waɗannan da ƙwayoyin tushen da ake cirowa daga ɗan tayi na kwanakin farko, waɗanda aka fara renonsu a 1998 kuma suka jawo muhawara tsakanin malaman addini da masana kimiyya. Waɗanda ake magana a kansu a nan suna jikin kowace mace baliga, ba ruwansu da ɗan tayi.

6.0 Yadda Aka Gano Su a Mahaifa

Tun kafin a gan su, likitoci sun ga alamunsu. Tsohuwar da ta daɗe da daina haila, shimfiɗarta ta zama siririya, idan aka ba ta istirojin sai shimfiɗar ta sake kauri. Macen da aka ƙone wa shimfiɗa da gangan don maganin yawan zubar jini, wani lokaci bayan shekaru sai haila ta dawo mata. A 1978 wani masani ɗan Rasha mai suna Prianishnikov ya rubuta cewa lallai akwai ƙwayoyin tushe a hawan ƙasa. Sai dai an ɗauki shekara 26 kafin a sami hujja.

Hujjar ta fito ne a 2004 daga Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostiraliya, daga Caroline Gargett da abokan aikinta Rachel Chan da Kjiana Schwab. Sun ɗauki shimfiɗar mahaifar matan da aka cire wa mahaifa saboda wata lalura, suka warware ta ƙwaya-ƙwaya, suka shuka ƙwayoyin nesa da juna a faranti mai ruwan abinci. Mafi yawansu ba su yi komai ba. Amma 'yan kaɗan sun yi ta rabuwa har kowace ta tara gungun 'ya'ya. A cikin ƙwayoyin rufi, kimanin biyu ne cikin dubu suka iya haka, a cikin ƙwayoyin tsakani kuwa kimanin ɗaya cikin tamanin. A 2007 wannan rukunin masana ya nuna cewa ƙwayoyin tushe na tsakani suna zaune ne a jikin ƙananan hanyoyin jini, a hawan ƙasa da na sama, kuma a ɗakin gwaje-gwaje ana iya juya su su zama ƙwayoyin ƙashi, ko na guringuntsi, ko na kitse, ko na tsoka. Da yake wasunsu suna hawan sama, sukan fito cikin jinin haila, kuma a wannan shekarar aka fara bayar da rahoton tsamo su daga ciki da ransu.

A 2004 ɗin dai, Hugh Taylor na Jami'ar Yale a Amurka ya duba mata huɗu da aka yi wa dashen ɓargo, ya ce ya ga ƙwayoyi masu alamar wanda ya ba da ɓargon a cikin shimfiɗar mahaifarsu. Wannan ya sa wasu suka ɗauka ɓargo ma yana aiko da gudummawa. Amma gwajin da aka yi a kan ɓeraye a Monash a 2018 bai ga ƙwayoyin ɓargo suna rikiɗa su zama na shimfiɗa ba, don haka har yanzu masana sun rabu biyu a kan wannan batu.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙara fito da surar abin. A 2017 masana a Kambirij ta Ingila da Leuven ta Beljiyam suka iya renon 'yan rijiyoyin shimfiɗa a ɗakin gwaje-gwaje har tsawon watanni, suna amsa umarnin homon kamar suna cikin jiki. A 2020 Cibiyar Sanger ta Ingila ta nuna cewa mafi yawan rijiyoyin, kowace daga ƙwaya guda ta samo asali. A 2021 kuma masana a Jami'ar Niigata ta Japan suka ɗauki hoton shimfiɗar ta kowane gefe, suka ga cewa a hawan ƙasa rijiyoyin ba a tsaye suke ɗai-ɗai ba. Suna kwance ne suna sarƙe da juna, kuma daga wannan sarƙa rassa ke miƙewa sama. Duk wanda ya taɓa noma gonar da tofa ta kama zai gane wannan tsari. Ana ƙone ciyawar ƙurmus da rani, amma da yake saiwarta na kwance a ƙarƙashin ƙasa, da ruwan fari ya sauka sai ta tsiro ko'ina.

7.0 Kwana Arba'in na Jego

Yanzu za a iya komawa ga mai jegon Bromakote. Da ta haihu, nauyin mahaifarta ya kai kilo guda. Bayan mako ɗaya zai koma kimanin rabin kilo, zuwa mako shida kuma giram 100 ko ƙasa da haka. Cikin kwana biyu zuwa uku na farko, shimfiɗar da ta rage takan rabu biyu: ta sama ta mutu ta fito cikin jinin biƙi, ta ƙasa mai ɗauke da gindin rijiyoyi ta fara tsiro. Zuwa mako na uku an sake shimfiɗe ko'ina, ban da gurbin mabiyiya.

Shi wannan gurbi sai ya ɗauki mako shida. Wani likitan haihuwa na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, John Whitridge Williams, ya bayyana dalili a 1931. Sabon nama yana kutsowa ne daga gefuna da kuma ta ƙarƙashin gurbin, ya ɗaga mataccen naman da toshassun hanyoyin jini, ya tunkuɗe su waje. Da a ce wurin yana warkewa kamar yadda fata ke yi, da kowace haihuwa ta bar tabo, bayan 'yan haihuwa kaɗan kuma babu sauran wurin da ciki zai kama.

Mako shida kwana 42 ne, kuma shi ne tsawon lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙirgawa a matsayin bayan haihuwa. Ke nan arba'in ɗin tsofaffi da lissafin likitoci sun kusa haɗuwa. Inda suka rabu shi ne kan abin da ke warkar da raunin. Zafin ruwan wanka ba ya kaiwa cikin mahaifa, ƙwayoyin hawan ƙasa ne ke aikin. Abin da suke buƙata daga waje shi ne abinci mai gina jiki, da tsabta, da a guji cusa wani abu a gaba wanda zai kai musu ƙwayoyin cuta. Zazzaɓi, ko jini mai wari, ko jinin da ya ɓalle bayan ya ragu, alamu ne na a tafi asibiti a ranar.

8.0 Idan Tushe Ya Lalace

Tunda a hawan ƙasa iri yake, duk abin da ya kankare shi ya taɓa rumbu. Abin da ya fi jawo haka shi ne wankin ciki da ƙarfe mai kaifi, musamman bayan ɓari ko a makonnin farko na jego, lokacin da bangon mahaifa ke da laushi. Inda aka kankare har tsoka, babu ƙwayar da za ta rufe wurin, sai tabo ya maye gurbi, bangon gaba da na baya su manne. Wani likita Bajamushe, Heinrich Fritsch, ya fara ba da labarin wannan lalura a 1894, sannan Joseph Asherman ya yi cikakken bayaninta a 1948, shi ya sa ake kiranta ciwon Asherman. Tarin fuka da ya sauka a mahaifa ma yana iya jawo ta.

Wani nazari da masana a Holan suka buga a 2014 ya tattara sakamakon mata fiye da 900 da aka leƙa mahaifarsu bayan ɓari. Kusan ɗaya cikin biyar tana da mannewa, ko da yake fiye da rabin waɗannan mannewar tasu mai sauƙi ce. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan wankin da aka yi wa mace.

Wannan ba dalili ba ne na gudun asibiti bayan ɓari, domin ragowar ciki da ta tsaya a mahaifa tana iya jawo zubar jini ko ruɓewa har ta yi kisa. Maganar tana kan hanyar da za a bi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kankara da ƙarfe tsohon yayi ce, ta kuma sake hana ta a 2022. Abin da ta yarda da shi shi ne zuƙewa da sirinji mai bututun roba, ko amfani da ƙwayar magani irin misoprostol a hannun ma'aikacin lafiya. Mace ko mai jinyarta suna da damar tambayar wace hanya za a bi.

Alal misali, a ɗauki 'yar kasuwar Adjame da ta yi ɓarin wata uku aka yi mata wankin ciki. A bisa al'ada haila za ta dawo mata cikin mako huɗu zuwa shida. Idan wata uku ya wuce ba ta gani ba, ko tana ganin ɗan ɗigo kawai, ko mara na murɗa mata duk wata ba tare da jini ba, kuma gwaji ya nuna ba ciki, to akwai abin dubawa. Sau da yawa irin wannan mace takan ɗauka kwantaccen ciki ne, ko ta zargi sammu, shekaru su tafi tana shan jiƙe-jiƙe, gori kuma yana ƙaruwa a gidan miji. Alhali likitan mata zai iya leƙa mahaifar da siririn madubi ya yanke mannewar, kuma inda sauran hawan ƙasa ya tsira, daga nan shimfiɗa za ta bazu ta rufe wurin. A Abijan akwai sashen lafiyar mata da haihuwa a asibitocin koyarwa na Treichville da Cocody, waɗanda aka fi sani da CHU. Mai shayarwa kuwa hukuncinta dabam ne, domin shayarwa kanta takan jinkirta haila watanni da dama.

9.0 Idan Suka Tsiro a Wani Wuri

Ƙarfin tsiron nan yana iya zama cuta idan ya sauka inda ba muhallinsa ba. Akwai lalurar da ake kira endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗa ke tsirowa a wajen mahaifa, a jikin gidan ƙwai ko hanji ko mafitsara, yana jawo matsanancin ciwon mara da wahalar samun ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190. Tun 1927 John Sampson ya ce jinin haila ne ke komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba a cikin ciki. Amma hakan na faruwa ga mafi yawan mata, kaɗan ne ke kamuwa. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bi a yau shi ne, ƙwayoyin tushen da ke cikin jinin ne ke kama wuri su yi saiwa a jikin wasu matan.

10.0 Gwajin Magani

Tambayar da ta biyo baya ita ce, ko za a iya sake shuka iri a mahaifar da ta rasa nata. A 2016 likitoci a Valencia ta Sifen suka ba da rahoton mata 16 da aka ciro wa ƙwayoyin tushe na ɓargonsu aka zuba su a hanyoyin jinin mahaifa. Shimfiɗar yawancinsu ta ƙara kauri, haila ta dawo, wasu sun sami ciki. A shekarar dai, a ƙasar Sin, an gwada wa mata bakwai ƙwayoyin da aka tsamo daga jinin hailarsu. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma ba a kwatanta matan da wasu da ba a yi wa ba. Saboda haka wannan hanya tana matakin bincike, ba ta zama magani na yau da kullum ba. Su kuwa kwalabe da ƙunshin garin da ake talla a kasuwa da wayar salula da sunan ƙwayoyin tushe, babu ƙwaya mai rai a cikinsu, kuma ko da akwai, ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci.

11.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa shimfiɗar mahaifa tana zubewa tana tsirowa sau ɗaruruwa saboda wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ke ajiye a gindin rijiyoyinta da jikin hanyoyin jininta. Su ne ke rufe raunin haila cikin kwanaki, su rufe na haihuwa cikin mako shida. Dashen sababbi har yanzu gwaji ne, amma kare waɗanda ake da su abu ne mai yiwuwa: a yi wankin ciki ta hanyar da ba ta kankara, a magance cuta da wuri, a kuma kai ƙarar hailar da ta ɓace wurin likita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Wasu Kalmomi

ɓari: zubewar ciki kafin ya isa haihuwa
jego: zaman mace na makonnin farko bayan haihuwa
jinin biƙi: jinin da ke fita bayan haihuwa
ɗan tayi: ɗa tun yana cikin ciki
ɓargo: abu mai laushi da ke cikin ƙashi
tofa: wata ciyawa mai saiwa a kwance
zangarniya: kan gero ko dawa mai ɗauke da tsaba
kwantaccen ciki: cikin da ake zaton ya daina girma ya kwanta

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar mahaifa, ka sa kowace cikin jimla.
2. Kawo sunayen wuri biyar masu ginin ma-...-a, tare da aikatau ɗin da kowane ya fito daga gare shi.
3. Waɗanne halaye biyu ne ake gane ƙwayar tushe da su?
4. Yi bayanin kamancin da ke tsakanin tofa da hawan ƙasa na shimfiɗar mahaifa.
5. A ina al'adar arba'in ta dace da binciken likitoci, a ina kuma suka rabu?
6. Fito da kalmomin sakayawa da aka ambata game da haila, ka ƙara wasu daga karin harshenka.